Ribas a gangaren dusar ƙanƙara: me ya sa gaban motar ya juya?

Wani ɗan'uwa da aiki ya kai shi ƙasar duwatsu inda dusar ƙanƙara ke zuba ya aiko da tambaya. Ya ce hanyar gidan da yake zaune hawa ce mai tsayi, motarsa kuma mai jan ƙafa huɗu ce, mai kuloci. Ran nan ya kai tsakiyar hawan sai tayoyi suka kama juyawa a wuri ɗaya. Ya taka kuloci da birki don ya lallaɓa ya koma baya, kafin ya ankara gaban motar ya zame, ta gitta a hanya. Yana son sanin inda kuskuren yake, da giyar da ta dace tsakanin 4H (jan ƙafa huɗu a gudun yau da kullum) da 4L (jan ƙafa huɗu mai rarrafe da ƙarin ƙarfi), da kuma ko lallai sai ya nemi sarƙar taya.

Ɗan'uwa, barka da arziki tukuna. Mota ta gitta a tsakiyar hawa mai santsi ba ƙaramin abu ba ne, domin daga nan sai zamewa a karkace, kuma dogayen motoci irin taka sun fi saurin kifewa idan tayar gefe ta ci karo da wani abu ana cikin zamiya. Na daɗe ina koya wa mutane tuƙin hanyoyin tudu a lokacin sanyi, labari irin naka na sha ji, na kuma sha gani da idona. Motarka lafiyarta ƙalau. Ƙafafunka biyu ne suka jawo abin: ta hagu ta taka kuloci ta raba injin da tayoyi, ta dama ta taka birki ta cije tayoyin gaba. Kowa ma abin da jikinsa zai ba shi ke nan a karon farko, shi ya sa ake koyon abin tun kafin ranar ta zo.

Abin da nake fara dasa wa duk wanda ya zauna kusa da ni a mota shi ne, taya tana jin maganar direba ne muddin tana mirginawa daidai da tafiyar motar. Da zarar ta cije ta daina juyawa, ko ta kama wulwulawa fiye da tafiyar, ta tashi daga taya ta koma guntuwar roba a kan sulɓi. Ba ruwanta da inda sitiyari ya nuna, gangara kawai take bi.

Bari in ba ka lissafin, don ka ga ƙanƙantar abin da muke rabawa. A busasshiyar kwalta taya na iya riƙe ƙarfin da ya kai kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na nauyin da ke kanta kafin ta zame. A dusar ƙanƙarar da motoci suka tattake ta daddale, riƙon yana sauka zuwa wajen kashi 20 zuwa 30. A ƙanƙara zalla kuwa, musamman mai laima a sama lokacin da sanyi ke kusa da digiri 0 a ma'aunin Celsius, kashi 10 ne ko ma ƙasa da haka. To, hawan da ke tashi mita 10 a kowane mita 100 yana jan mota ƙasa da kusan kashi 10 cikin 100 na nauyinta. Ka ga ke nan, hawan da lokacin zafi ko giya ba ka canja masa, in ya daskare yana iya cinye riƙon kaf tun motar tana tsaye. Babu ragowar da za a yi birki ko a sha kwana da ita. Nauyin mota kuma ba ya ceto a nan, domin yadda ya ƙara danna taya a ƙasa haka ya ƙara wa gangara abin ja.

Ina amfanin ƙafa huɗun ke nan? Amfaninta a wajen hawa yake, kuma babba ne. Motar da ke jan ƙafa biyu da riƙon tayoyi biyu kawai take tura kanta, taka kuwa da na huɗun duka, don haka tana hawa tudun da waccan za ta kafe tun daga gindinsa. Amma birki, kowace mota a ƙafa huɗu take yinsa, ƙaramarta da babbarta. Sitiyari ma tayoyin gaba biyu ne a wurin kowa. Nan tarkon yake, kuma ina so ka dube shi da kyau: ƙaramar mota tana ƙin hawa tun a wurin da saukowa ke da sauƙi, taka kuwa tana kai ka har inda riƙon ya ƙare ƙaf, sannan ta tsaya. Wurin da mai ƙafa huɗu ta kafe shi ne mafi santsi ko mafi tsini a duk hawan, kuma daga nan ne za ka fara ribas.

Yanzu ga dalilin da gaban ya juya. Idan mota ta fuskanci sama, nauyi yana komawa kan tayoyin baya, na gaba su yi sakayau. Shi kuwa birkin mota an tsara shi ne don tafiyar gaba, inda nauyi ke faɗawa gaba in an taka, saboda haka tayoyin gaba aka ba kaso mafi tsoka na ƙarfin birki. Da ka taka kana komawa baya, birki mafi ƙarfi ya sauka a kan tayoyi mafi rashin nauyi, suka cije nan take, na baya kuwa suna ci gaba da mirginawa. A tafiyar ribas tayoyin gaba su ne ke biye, su ne wutsiya. Cije su daidai yake da mutum ya fizgi birkin hannu yana tafiya gaba: wutsiya ta ƙwace, ta nemi wuce kai. Ga kuma injin da nauyinsa a can saman, yana neman hanyar gangarowa. Karkatar hanya kaɗan ko karkatar sitiyari kaɗan ta ishe shi ya zaɓi gefe. Kulocin da ka taka shi ya kammala aikin, domin da motar tana cikin giya da injin ya ci gaba da juya tayoyin a hankali, ya hana su cijewa da wuri.

Za ka ce ai motar tana da ABS, wato na'urar da ke hana tayoyi cijewa in an taka birki. Tana da shi, amma a motoci da yawa ba ya shiga aiki idan gudun bai wuce na tafiyar ƙafa ba, kuma ko ya shiga, raba riƙon da ake da shi yake yi, ba ya ƙirƙiro wanda babu.

To, yaya ake yi? Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne, amma da tsarinsa. Da ka ji tayoyi sun fara wulwulawa motar kuma ta daina ci gaba, ɗaga ƙafa daga totur nan da nan. Duk daƙiƙar da ka ƙara kana ba ta wuta, zafin taya yana narkar da dusar ƙanƙarar da ke ƙarƙashinta, ta sake daskarewa ta zama gilashi, kai da kanka kana goge wurin da za ka tsaya. Taka birki a hankali ba tare da ka taɓa kuloci ba, ka bar motar ta mutu a cikin giya. Mutuwarta a nan alheri ce, domin yanzu abu biyu ke riƙe da ita, birki da injin. Ja birkin hannu. Kada ka saki na ƙafa. Ka numfasa, ka dubi bayanka ta madubai da ta gilashi, ka ga layin da ka hawo. Sannan ka tabbatar tayoyin gaba a miƙe suke. Wannan mutane suna raina shi, alhali bayan kokawa da sitiyari a kan santsi yawancin direbobi ba su san inda tayoyinsu suka nuna ba. Sauke gilashi ka leƙa.

Daga nan, ƙafarka na kan birki, taka kuloci ka sa ribas, ka saki kuloci gaba ɗaya, injin yana a mace. Sauke birkin hannu. Sassauta birkin ƙafa sannu a hankali har ka ji motar ta zauna a kan giya. Sake duba baya, ka murɗa makulli ba tare da ƙafarka na kan kowace feda ba. Motar za ta tashi tana tafiya baya da kanta, a kan mafi ƙarancin gudun injin, tayoyi huɗu suna juyawa tare. Sababbin motoci da yawa ba sa yarda su tashi sai an taka kuloci. In taka irinsu ce, riƙe birki, taka kuloci, tayar da injin, sa ribas, ɗago kuloci har ya fara kamawa, sai ka saki birki da ragowar kulocin kusan tare. Abin da ake gudu shi ne tazarar da mota ke gangarawa babu giya babu birki, don haka a taƙaita ta iyakar iyawa. Da ka fara tafiya, ƙafar hagu ta koma can gefe ta zauna. Kada ta sake kusantar kuloci sai ka isa ƙasa.

Akwai ranar da ba za ka samu wannan natsuwar ba, ka taka birki amma motar ta ci gaba da sulalewa baya da tayoyi a cije. A nan babu jira: kuloci, ribas, saki kuloci, ɗaga birki. Zuciya za ta ƙi, domin sakin birki a mota mai zamewa kamar sakin igiya ne a bakin rijiya. Amma sai tayoyin sun koma mirginawa sitiyari zai dawo hannunka.

Ka sauko a miƙe, kan sawun da ka hawo in bai zama gilashi ba. In ya yi ƙyalli, matsa kaɗan tayoyi su hau sabuwar dusar da ba a taka ba, ta fi riƙo. Juya mota a tsakiyar hawa kuwa, cire shi daga lissafi gaba ɗaya, komai faɗin wurin. Sitiyarin ribas yana da hali nasa: a tafiyar gaba tayoyi suna komawa tsakiya da kansu in ka sassauta hannu, a ribas kuwa ƙara karkata suke so su yi, kuma gyara kaɗan yana lilo da gaban motar da yawa. Sa hannu a saman sitiyari, ka riƙa gyarawa da taƙi kaɗan kaɗan, ka mayar tsakiya da wuri. Inda ka juya sitiyari nan bayan motar zai nufa. Idan ka ji gaba ya fara lilo, yawanci alama ce tayoyin gaba suna tafiya ƙasa da gudun motar, ko don ka taɓa birki ko don injin ya riƙe su fiye da abin da ƙanƙarar za ta ɗauka. Maganinsa ɗaga birki, in ta kama ma ka ɗan shafa totur don tayoyi su kamo tafiyar. Shafawa na ce, kamar mai taɓa ƙwai. In kuma ka ga abin yana neman fin ƙarfinka, tun gudun yana kaɗan ka zaɓi tarin dusar ƙanƙarar da ke gefen tudu ka jingina bayan motar a ciki. Bamba ta lotse ta fi mota a kwari.

Ga masu otomatik, tsarin ɗaya ne sai dai babu batun barin mota ta mutu. Birki, a duba baya, a miƙe tayoyi, a sa R, a sassauta birki sannu. Injin otomatik ba ya riƙe mota da ƙarfi kamar mai kuloci, don haka ƙafa za ta zauna a kan birki da nauyi kaɗan marar canjawa, ba taka-saki ba. Kada a bar ta a D tana sulalewa baya, kada kuma a sa N. Idan motar tana da na'urar sauka gangara, wadda kamfanin Land Rover ya fara fitowa da ita a motar Freelander a 1997 kuma yanzu kusan kowane kamfani yana da irinta da sunansa, a yawancin motoci tana aiki har a ribas. Tana taka wa kowace taya birki daban, abin da ƙafar ɗan'adam ba za ta iya ba. A kunna ta, a bar ta ta yi aikinta, ƙarar gurnanin da take yi ba lalacewa ba ce. Sai dai ita ma da riƙon taya take aiki. A kan gilashin ƙanƙara da tayoyin da aka yi don lokacin zafi, zamewa za ta yi tare da kai.

Batun 4H da 4L, amsata ta rabu biyu. 4L tana ninka ƙarfin da ke zuwa taya sau 2 zuwa kusan 3, ta rage gudu daidai haka. Ƙarfi ba shi ne abin da ka rasa a kan santsi ba, yawa ma ya yi maka, shi ya sa giya ta ɗaya a 4L take sa taya wulwulawa da ɗan taɓa totur. Ga hanya ta yau da kullum mai dusar ƙanƙara da hawa matsakaici, 4H da giya ta biyu ta wadatar. Amma ga hawa irin naka, mai tsini, gajere, wanda akwai yiwuwar ka kafe a tsakiya, ni 4L nake zaɓa, in hau da giya ta biyu ko ta uku. Dalilina ribas ne. Ribas ɗin 4H yana da sauri, zai tilasta maka taka birki, birki kuwa ka ga abin da ya yi maka. Ribas ɗin 4L rarrafe yake yi, ƙafa ba ta da aiki. Ana zaɓen giyar hawa ne da tunanin yadda za a sauko in hawan ya ƙi.

Kuma a ƙasa ake zaɓen, a wuri mai shimfiɗa. Ina jaddada wannan domin na ga inda ya kusa cin rai. Shiga 4L yana bukatar a tsaya, a raba injin da tayoyi, kuma a motoci da yawa sandar tana ratsawa ta firi kafin ta shiga. In ta maƙale a firi a tsakiyar hawa, babu giyar da ke riƙe da motar, har P ɗin otomatik ba ta da amfani a lokacin, domin an yanke ta daga tayoyi.

Ƙafa huɗu ma iri iri ce, ya kamata ka san taka. Akwai wadda direba ke sawa da kansa, mai 2H da 4H da 4L, wadda in an sa ta take ɗaure aksul na gaba da na baya, wato ƙarafan da ke juya tayoyi, su juya tare tilas. Wannan ɗaurin yana da wata fa'ida a ribas da mutane ba su lura da ita ba: tunda gaba da baya a haɗe suke, da wuya na gaba su cije su kaɗai, ƙarfin birkin yana rabuwa zuwa baya ta cikin ƙarfen. Amma a cire ta da an hau busasshiyar kwalta, in ba haka ba ƙarafan suna murɗewa a kwana. Akwai mai jan huɗu kullum, da na'ura a tsakiya mai raba ƙarfi tsakanin gaba da baya, da maɓallin kulle ta. A kulle kafin a fara hawa, ba bayan an kafe ba. Akwai kuma ƙananan motocin zamani da yawanci gaba ke ja, sai kwamfuta ta ga bukata ta tura ƙarfi baya. In tana da maɓallin kulle, a danna shi tun daga ƙasa, kuma kada a daɗe ana wulwula tayoyi, domin abin da ke haɗa bayan yana ɗaukar zafi ya saki. Makullin aksul na baya kuwa, wanda ke tilasta wa tayar hagu da ta dama juyawa tare, ina taka-tsantsan da shi a kan ƙanƙara. Idan ba a kulle ba, taya ɗaya ta wulwula, ɗayar tana nan tana riƙe da motar kada ta zame gefe. Idan an kulle, su biyun suke wulwulawa tare, bayan motar ya tafi duk inda hanya ta karkata. A miƙaƙƙen hawa marar karkata yana taimako, a mai karkata yana iya kai ka rami.

Shi hawan kansa ba shi da dogon bayani. In kana shakka, sauka ka taka shi da ƙafa tukuna. Wurin da takalminka ya kasa tsayawa, taya ma da wuya ta tsaya. Jira na gabanka ya gama hawa kafin ka fara, don kada ya tsayar da kai a tsakiya ko ya gangaro maka. Ɗauki ɗan gudu daga ƙasa, daidai wanda zai taimaka, ka riƙe totur a wuri ɗaya, kada ka canja giya a hanya. In taya ta fara wulwulawa, rage wuta kaɗan ta kama ƙasa. Na'urar hana wulwulawar taya a bar ta a kunne, sai fa in dusar ƙanƙarar mai zurfi ce kuma na'urar tana yanke wa injin ƙarfi har motar ta kasa motsi, nan ana kashe ta na ɗan lokaci a sake kunnawa. In ka gwada sau biyu ya ƙi, na uku ba zai fi ba, domin ka riga ka goge hanyar. Da mugunyar rawa gara ƙin tashi: ajiye motar a ƙasa ka ƙarasa da ƙafa.

In ka isa sama lafiya, juya motar a shimfiɗaɗɗen wuri tun a lokacin, don gobe ka sauko da gaba. Saukowa da gaba ta fi ribas sauƙi nesa ba kusa ba, saboda nauyi da birki mai ƙarfi da sitiyari duk sun taru a tayoyin da ke jagora. Rage gudu tun kafin bakin gangarar, sa ƙaramar giya tun a sama, ka bar injin ya riƙe. Birki da kwana kada su haɗu: a rage gudu a miƙe, a sassauta, sannan a juya, tunda riƙon ɗaya ne ake raba musu. In abin gaggawa ya taso kana tafiya gaba a mota mai ABS, taka birki da ƙarfi ka riƙe, ko da feda tana karkarwa a ƙarƙashin ƙafarka, idonka a kan inda kake son zuwa. Ka kuma bar tazara mai yawa, domin nisan tsayawa a kan ƙanƙara yana iya ninka na busasshiyar hanya sau 10. Mai motar lantarki ya rage ƙarfin riƙon da take yi in an ɗaga ƙafa daga totur, shi ma birki ne, kuma yana iya zamar da taya.

Ba ka faɗi irin tayoyinka ba, kuma da a gabana kake, su zan fara durƙusawa in duba kafin komai. Robar tayar zafi tana fara taurarewa da sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7. Tayar sanyi an haɗa robarta ta zauna da laushi, an kuma tsattsaga zanenta da ƙananan tsagu masu yawa da ke kama ƙanƙara. Alamarta a gefen taya hoton dutse ne mai kawuna uku da tauraron dusar ƙanƙara a ciki, wannan ita ce wadda aka gwada. Rubutun M+S shi kaɗai bai kai ta ba. Manyan tayoyin laka masu gwaɓa-gwaɓan haƙora, da masu irin motarka ke so, suna haƙa a dusar ƙanƙara mai zurfi amma a kan daskararriyar hanya ba su da kirki. A sa huɗu iri ɗaya, kuma zurfin zanen kada ya gaza milimita 4. Iska ma a riƙa dubawa, sanyi yana rage ta. Zan faɗa maka ba tare da kwana-kwana ba: ƙaramar mota mai jan ƙafa biyu da tayoyin sanyi ta fi taka tsayawa da shan kwana in kana kan tayoyin zafi.

Sarƙa kuwa, ga hanya irin taka, ka nema ka ajiye a mota. Ranar da hawan ya zama gilashi ita kaɗai ce ke cizon ƙanƙara. Mafi kyau a ƙafa huɗun duka. In guda biyu gare ka, littafin motar ne zai faɗa maka aksul ɗin da za a sa, domin wasu motocin babu sarari a gaba, sarƙa na iya tsinka bututun birki. Ka dai sani duk aksul ɗin da ba shi da sarƙa shi ne zai nemi zamewa: in a baya kawai ka sa, gaba zai yi lilo a ribas kamar yadda ya yi maka, in a gaba kawai, baya ne zai nemi wuce ka a saukowa. A ɗaura a ƙasa kafin hawa, a yi 'yar tafiya a tsaya a ƙara ɗaurewa, kada gudu ya wuce kilomita 50 a awa, a kuma cire da an hau kwalta tsirara. Koyi ɗaurawa a ƙofar gida da rana, domin da dare a cikin sanyi da yatsu a sandare ba lokacin karanta takarda ba ne. Shebur da ɗan buhun yashi ko tsakuwa su ma su zauna a but. Yashin da aka watsa a bayan tayoyi huɗu kafin a fara ribas yana sauya lamarin ƙwarai.

Idan da mutane a motar kuma ta tsaya da kyau, su sauka ta gefen tudu su matsa nesa kafin ka fara. Mai nuna maka hanya ya tsaya a gefe inda kake ganinsa, sama da motar ko daura da ita. Kada kowa ya tsaya a bayanta, kada kowa ya ce zai tare ta da hannu. Kai kuma bel a ɗaure, ƙofa a rufe, ƙafa a ciki. Share gilashin baya da madubai da idon kyamara kafin ka tashi, dusar ƙanƙara tana toshe su cikin minti kaɗan. In ka jingina baya a tarin dusa, ko ka kafe kana jiran taimako da injin a kunne don ɗumi, fita ka tone bakin salansa. Toshewarta tana mayar da hayaƙi cikin mota, kuma gubar da ke cikinsa ba ta da wari, barci kawai take sa mutum.

Saura ajiye mota. Taya da ta yi tafiya tana da ɗumi, in ka tsaya a kan karkataccen wuri mai ƙanƙara tana narkar da abin da ke ƙarƙashinta, ruwa ya shiga tsakani. Na taɓa tsayawa ina kallo mota da aka kulle aka bari ta fara sulalewa ita kaɗai bayan 'yan mintoci, tayoyinta ko juyawa ba sa yi. Nemi wuri mai shimfiɗa ko da da nisa. In babu, bar ta a 4H ko 4L cikin giya don injin ya riƙe ƙafa huɗun, tunda birkin hannu a yawancin motoci tayoyin baya kawai yake kamawa. Karkatar da tayoyin gaba yadda in ta motsa za ta nufi gefen tudu, ka watsa yashi a ƙarƙashinsu, ka sa waigi a ta ɓangaren gangara, sannan ka ɗan tsaya a gefe ka ga ta zauna kafin ka juya mata baya.